Kiwon Babur: Nasiha Ga Samarinmu Na Miga



Muna yara akwai doki ɗaya a gidanmu, wani akawali da mahaifinmu, Allah Ya jiƙansa, yake ji da shi. Kullum in ya dawo daga sallar asuba, kafin a kawo koko, turke yake fara nufa. Ya shafa bayan dokin ya ga ko sirdi ya ji masa ciwo, ya ɗaga kofato ɗaya bayan ɗaya ko ƙaya ta shige, ya buɗe leɓe ya duba dasashi, har kashin da dokin ya yi cikin dare sai ya sa kara ya tona. Duk wannan bai kai a tafasa ruwan shayi ba. Amma ranar da dokin ya kwanta da ciwon ciki, Baba bai ce shi ma ya iya ba. Aike ya yi aka ɗauko wanda ya san maganin dawaki, shi kuwa ya koma gefe ya riƙe ragama.

Yau babu turken. A daidai inda yake, babur ne a kafe, Boxer na ɗan ƙanena. Abin da nake so in faɗa muku bai wuce abin da na gani a turken nan ba: kiwon abin hawa na mai shi ne, fiɗa kuwa ta gwani ce. Samarinmu sun kasu biyu, kowane ɓangare ya saki rabi. Akwai wanda ko baƙin mai bai san inda ake dubawa ba, sai babur ya tsaya cak ya turo shi gareji. Akwai kuma wanda ya kalli bidiyo biyu a waya, ya ɗauki sufana ya farke inji a tsakar gida, ya mayar ya ga noti uku sun yi saura.

Ku da kuka buɗe ido kuka tarar da babur a kowane zaure ba za ku gane yadda yake da daraja a da ba. Sai da aka biya ma'aikata kuɗin ƙarin albashi na Udoji a 1975 sannan malaman makaranta da akawuna suka fara shigowa gari da Honda da Suzuki da Vespa, yara na bi da gudu. Daga baya Jincheng ta ƙasar Sin ta zo da araha, talaka ma ya hau. Sannan Bajaj ta Indiya ta kawo Boxer, ta zama jakin zamani. A Dutse ko Kano babur abin hawa ne kawai. A Zareku da Hantsu da Sansani kuwa shi ne motar kasuwa, shi ke kai buhun shinkafa Gujungu, shi ke ɗauko taki, shi ke kai mai naƙuda asibitin Jahun da ƙarfe biyun dare. Ga shi tun ranar 29 ga Mayu, 2023, da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin mai, litar fetur ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta taɓa 1,000. Kayan gyara ma suka bi sahu. Wanda baburinsa ya mutu yau, ba lallai ya ga wani ba nan kusa. Saboda haka kula da na hannu ya zama dole.

Ka fara da kayan aiki, ɗana, kuma ba su da yawa. Sufana mai lamba 8 da 10 da 12 da 14 da 17, sufanar fulogi, sukudireba mai baki ɗaya da mai baki huɗu, filaya, famfon iska, ɗan gwangwanin giris, tsohon buroshin haƙori da tsumma mai tsabta. Ka sayi masu ƙwari ko da ɗaya-ɗaya ne. Sufanar banza ita ke cinye kan noti, noti kuwa in kansa ya mulmule, aikin minti biyar ya koma na yini. Kada ka kama noti da filaya don ƙyuyar tashi ɗauko sufana. Ka haɗa da ƙaramin littafi da biro, za ka ji amfaninsu a gaba.

Sannan ka mayar da duban safe al'ada, kamar yadda Baba ya mayar da zuwa turke. Kafin ka buga kik, ka leƙa ƙasan da babur ya kwana: ɗigon mai a ƙasa saƙo ne. Ka matsa tayoyi da hannu tun suna da sanyi. Ka ja birkin gaba, ka taka na baya. Ka taɓa sarƙa. Ka kunna fitila da sigina, ka danna hon. In ya tashi, kada ka murɗa totur kamar kana jin haushinsa. Ka bar shi ya yi silo na minti ɗaya ko biyu, mai ya hau sama ya zagaye inji, musamman da hunturu. Cikin wannan mintin ka kasa kunne. Babur ɗin da kake hawa kullum yana da muryarsa, ranar da ta sauya kai ne farkon wanda zai ji. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Yanzu bari mu zo kan baƙin mai, don a nan ran inji yake. Baburanmu ba su da tankin ruwa irin na mota. Iska da baƙin mai ne kaɗai ke sanyaya su, a ƙasar da zafin watan Afrilu ke haura digiri 40. Injin Boxer bai wuce ya ɗauki lita ɗaya ba, kuma wannan 'yar litar ita ke shafe fistin, ita ke shafe giya, a cikinta kuloci ke wanka. Shi ya sa take saurin gajiya. Ga yadda ake juye ta. Ka ɗan zagaya da babur inji ya yi ɗumi, don mai ya tsinke. Ka kafe shi a kan babbar ƙafarsa a wuri mai daidai. Ka share ƙurar da ke kewaye da murfin sama da notin ƙasa kafin ka taɓa su, kada yashi ya bi ka ciki. Ka tara tsohon kwano, ka kwance notin, ka bar man ya tsiyaye har ya koma ɗigo. Kafin ka kawar da kwanon, ka kai shi rana ka karkata. In ka ga wani abu na ƙyalli kamar garin ƙarfe, inji na cin kansa, lokacin ganin bakanike ya yi. In ka shafa tsakanin yatsu ka ji gurzar yashi, ƙura na shiga ta wani wuri. Sai ka mayar da notin da wosharsa, ka fara ɗaura shi da yatsu har ya zauna, sannan ka ƙarasa da sufana a hankali. Jikin injin alminiyom ne, noti kuwa ƙarfe; in ka danna da ƙarfin ƙuruciya zaren ramin ne zai tsige, daga nan yoyo ya samu gindin zama. Ka zuba sabo daidai alamar da ke jikin sandar gwaji. Ƙari a kan alama ba gata ba ne, hayaƙi da yoyo yake jawowa.

Wane mai? Wanda littafin babur ya ce, yawanci mai lamba 20W-50 da aka yi don babur, a cikin galan ɗinsa da hatiminsa. Man da ake aunawa a kwalba daga durom, ba ka san kakansa ba. Araha ba ta ado. In kuwa tsohuwar Jincheng ko Suzuki ce mai hayaƙi, wadda ke ƙona mai tare da fetur, to nata man daban ne, kada ka bar ɗan tankinsa ya bushe ko sau ɗaya. Yaushe ake juyewa? Littafin ya faɗi kilomita, amma masu littafin ba su san burjin da kake bi ba. Ka rage a kan abin da suka ce. Ɗan acaɓa da ke yini a hanya ba zai jira kwanakin da malamin makaranta zai jira ba. In agogon kilomita ya mutu, kamar yadda na yawancinku ya mutu, ka ƙirga da Juma'o'i, ka rubuta a ɗan littafin nan. Tsohon man kuma ka adana shi a galan. Kada ka zubar kusa da rijiya ko a fadama, kada ka shafa wa dabba a ƙurji kamar yadda wasu ke yi, guba ce.

Sunan jiharmu Jigawa ma daga yashi aka samo shi, don haka kada ka yi mamaki in na ce babban abokin gabar injinka ƙura ce. A cikin akwatin da ke ƙarƙashin sirdi akwai soson da ke tace iska kafin ta shiga kafireta. Da hunturu ka buɗe shi duk mako ka gani, za ka sha mamakin abin da ya tare. In soso ne, ka wanke shi da kananzir, ka matse ba tare da murɗawa ba, ka bari ya bushe, ka ɗiga masa baƙin mai kaɗan ka mutsuke har ya game shi. Man ne ke kama ƙurar. In na takarda ne, ruwa ko mai ba ya taɓa shi, kaɗewa ake yi, in ya gaji a sauya. Na sha ganin yaro ya cire soson ya yar, wai don babur ya sami numfashi. Zai samu kuwa, amma da yashi zai shaƙa, yashin nan ya dinga goge fistin da ringi kamar ana wasa wuƙa a dutse. Bayan 'yan watanni sai hayaƙi ta salansa da shan mai.

Fulogi kuma shi ne harshen inji, da shi yake gaya maka abin da ke cikinsa. Ka kwance shi in inji ya huce, ka dubi bakinsa. In ka ga kalar ƙasa-ƙasa kamar soyayyar gyaɗa, lafiya lau. Baƙi mai kunkunniya na nufin fetur ya yi yawa ko soso ya toshe. Baƙi mai maiƙo na nufin baƙin mai na haurowa. Fari fat kuwa shi ne abin tsoro: fetur ya yi kaɗan, inji na ƙuna. A nan nake so ku tsaya da kyau. Tun da mai ya yi tsada, kowa ya koyi shaƙe kafireta don lita ta kai shi nesa. Gaskiya ne za ta ƙara nisa kaɗan. Amma cakuɗin da iska ta rinjayi fetur zafi yake ƙarawa, zafin nan ya ci bawul, ya ci kan fistin. Abin da ka tara na canjin fetur a wata uku, rana ɗaya za ka kai shi Fagge wurin 'yan babura ka ƙara da na aljihu. Garin neman gira an rasa ido. Mai son rage shan mai ya cika iskar taya daidai, ya wanke soso, ya shafa wa sarƙa mai, ya tabbata birki ba ya riƙe wili, ya daina fizgar totur. Tsagin bakin fulogi kuma, a yawancin baburanmu, tsakanin 0.6 ne da 0.8 na milimita. Wurin mayar da shi, da yatsu ake farawa; in ya yi gardama tun farko, a karkace ya shiga, ka fitar ka sake.

Sarƙa ba ta son tauri, ba ta son sako-sako. Ka ɗaga ta da yatsa a tsakiya, wasanta ya zama kamar faɗin yatsu biyu, santimita 2 zuwa 3. Wurin ja, ka ja gefe biyun daidai da juna bisa alamomin da ke jiki, in ba haka ba wilin baya ya karkace. Ka wanke ta da kananzir da buroshi, ka ɗiga mai, ka share ragowar, don sarƙa mai yauƙi yashi take tarawa. Kada ka kuskura ka yi wannan aikin inji na kunne da giya a ciki. Yatsu nawa suka tafi ta nan. Ranar da haƙoran faifan sarƙar suka yi tsini kamar ƙayar bagaruwa, ka sauya sarƙa da faifai biyun tare, don tsoho cinye sabo yake yi. Birki kuma in ka ja notinsa har ya ƙure bai kama ba, takalman ciki ne suka ƙare, sauyawa ake yi. In ka buɗe, kada ka hure ƙurar da baki, ka share da jiƙaƙƙen tsumma. Duk inda za ka yi tsimi, ban da birki da taya.

Bari in ba ku labarin wautata, don kada ku ce tsoho na wa'azi daga inuwa. Kun san halin ƙasarmu da damina, in Kogin Haɗeja ya cika ya batse ya shiga fadamu, kamar yadda muka gani a ambaliyar 2022. To, wata damina can baya ina dawowa daga cin kasuwa da yamma, na tarar ruwa ya yanke hanya a wani kwari. Na ga mai keke ya wuce, na ce ni ma na wuce. Ina tsakiya babur ya yi tari sau biyu ya mutu. Na turo shi tudu, ruwa har gwiwa, na taka kik na ji ya ƙage kamar an sa masa dutse. A nan ya kamata in tsaya in yi tunani. Amma magariba ta gabato, ga samari huɗu sun taso suna cewa, "Malam, hau mu tura ka." Na hau, na sa giya ta biyu, suka kwasa da gudu, na saki kuloci. Abin da na ji kawai shi ne "ƙas", wilin baya ya ja ƙasa. Washegari a amalanken shanu aka kai shi gareji. Bakaniken ya ciro sandar fistin ya miƙo mini, ta lanƙwashe kamar lauje. Bai yi mini faɗa ba, ɗan dariya kawai ya yi, ya ce iska ce ke matsuwa, ruwa ba ya matsuwa. Kuɗin da na biya ya kusa na tunkiya.

Abin da ya kamata in yi kuwa bai fi ƙarfin yaro ba. A rufe fetur, a cire fulogi, a yi ta taka kik har ruwan ya gama fesowa ta ramin. A kwance ɗan sukurun da ke ƙasan kafireta ta tsiyaye. A matse soso. A duba baƙin mai: in ya koma kalar kunun gyaɗa, ruwa ya shiga, sai an juye kafin a tayar. In an kama hanya kuma a riƙa ɗan taka birki har ya bushe. Da na san wannan, da sufanar fulogi ɗaya ta cece ni. Rashin sani ya fi dare duhu.

Sai maganar kwaskwarima da sauye-sauye, inda na san za mu ɗan saɓa. Ban hana ku yi wa babur ado ba. Kakanninmu ma sun yi wa dawaki jalala da tunjimi. Amma kafin ka yanke, ko ka cire, ko ka ƙara wani abu, ka yi wa kanka tambaya ɗaya: in an buga mini ƙofa da ƙarfe biyun dare za a kai mara lafiya Jahun, wannan abin taimaka mini zai yi ko cutar da ni? Da wannan ma'aunin za ka ga abubuwa sun rabu da kansu.

Ɗauki fasa salansa. Ƙara ta ƙaru, ƙarfi bai ƙaru ba, sai ma saitin kafireta da ya rikice, inji ya ƙara zafi. Ga haƙƙin maƙwabta: tsoho mai hawan jini, jaririn da aka sha wuya kafin ya yi barci, masu sallah a masallacin bakin hanya. Ɗauki cire madubi, wai babur ya fi kyau ba kunnuwa. Motar da ke tahowa a bayanka ba ta san kyau ba. Ɗauki cire murfin sarƙa, wanda ya fi ba ni tsoro. Mu mutane ne masu babbar riga da zane da dogon hijabi. Bakin hijabi in ya faɗa sarƙa ko wayoyin wili, kafin ka taka birki ya riga ya fizgo mai shi ta wuya, mai shi kuwa wataƙila mahaifiyarka ce. Ɗauki fitilar nan mai farin haske da ake ɗaga ta sama: kai kana gani, wanda ke tahowa ya makance, kuma kanka zai faɗo. Ɗauki tarin ƙwayaye masu walƙiya da sifika da hon ɗin tirela, duk a kan ɗan batir mai bolt 12, an murɗa wayoyi an naɗe da leda. In fis ya ƙone sai a ɗaura zaren waya a madadinsa. Fis mai gadi ne, an yi shi ya mutu don wayarin ya tsira. Ka kore shi, wuta ta tashi ƙarƙashin tankin da ke tsakanin cinyoyinka.

Akwai sauye-sauyen da suka ci jarrabawar. Ƙaramar matatar fetur a kan tiyo, don man kwalba na bakin hanya ba ya rasa datti ko ruwa. Ƙarfen kare ƙafa. Robar tare taɓo. Tef mai ƙyalli a baya, don mai mota ya hango ka. Wurin cajin waya da aka haɗa da fis ɗinsa. Ƙarfafa kariya, amma ban da tsawaita ta can baya, domin kaya in sun wuce wilin baya, gaba sauƙi take yi, a rairayi sai ta ƙi bin hannunka, ƙashin babur ma ya tsage. In za a yi walda, a sauke tanki a cire batir tukuna. Wasu na sa babban faifan baya don jan kaya a yashi. Yana ƙara ja, amma yana rage gudu, yana ƙara shan mai, sai ka auna wanne ka fi bukata. Abu ɗaya kada ka taɓa ko da wasa: lambar inji da lambar jiki. Ko fenti kada ya rufe su. Ka adana rasidinka, in ka sauya inji ka karɓi takarda, don ranar da aka tsayar da kai a shinge ba rantsuwa za ta fid da kai ba.

Mafi alherin abin da za ka ƙara wa babur kuwa ba a jikinsa ake ɗaurawa ba, a kanka ake sawa. Da hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa ta tilasta sa hular kwano ranar 1 ga Janairu, 2009, wasu 'yan acaɓa a Kano ƙwarya suka kifa a ka, har labarin ya zagaya duniya ana dariya. Jami'i za ka iya yi wa wayo, kwalta ba ta karɓar wayo.

Fetur kuma ku ji tsoronsa. Mu a Jigawa ba sai an ba mu labari ba. A watan Oktoba na 2024 tankar mai ta faɗi a Majiya cikin ƙaramar hukumar Taura, jama'a suka taru ɗiba, wuta ta tashi, fiye da mutum 150 suka rasu, Allah Ya gafarta musu. Tururin da ba a gani shi ke kamawa, kuma ƙasa-ƙasa yake bi. Kada ka buɗe kafireta kusa da murhu, kada ka haska tanki da ashana, kada ka zuƙi mai da baki, kada ka ajiye shi a gorar lemo inda yaro zai kai hannu. Kada kuma ka tayar da babur a rufaffen ɗaki. Hayaƙinsa na ɗauke da iskar da ba ta da wari, mai kashewa cikin barci.

To ina iyakar hannunka? Duk abin da ke wajen inji naka ne: mai, soso, fulogi, sarƙa, saitin birki da kuloci, ƙwan fitila, faci. Duk abin da sai an raba inji biyu, ko ya shafi giya, ko fistin, ko ƙashin babur, ko ƙafafun gaba, na bakanike ne. Saitin bawul kaɗai ya isa misali: tazarar da ake bari a ƙananan injinan nan kusan 0.05 ce ta milimita, ba ta kai kaurin takardar littafi ba, kuma sai inji ya huce sarai ake aunawa da ma'auninta. Wannan ba aikin kintace ba ne. In ka kai gyara kada ka ajiye ka tafi shan shayi. Ka tsaya, ka miƙa sufana, ka yi tambaya cikin ladabi, ka karɓi tsohon abin da aka cire ka duba yadda ya lalace. Ka faɗi gaskiyar abin da ka taɓa kafin ka kawo, don ɓoye wa mai magani ciwo tsawaita jinya ne. Ka kuma biya shi haƙƙinsa ba tare da ja-in-ja ba.

Wanda kuma ya ji hannunsa na ƙaiƙayi, yana son ya shiga cikin injin, ƙofa a buɗe take, sunanta koyo. Soichiro Honda, wanda sunansa ke jikin babura a duk duniya, ɗan maƙeri ne mai gyaran kekuna a wani ƙauyen Japan. A 1922 ya tafi Tokyo yaron gareji, watannin farko renon ɗan maigidansa aka sa shi, ya yi haƙuri har shekara shida. Da ya fara ƙera ringin fistin, kamfanin Toyota ya ƙi kusan duka. Bai ce hassada ake masa ba, makaranta ya koma ya koyi sirrin ƙarfe, yana babba da iyali. A 1948 ya kafa kamfaninsa, a 1958 suka fitar da Super Cub, wanda zuwa 2017 an ƙera miliyan 100, kuma shi ne kakan roba-robar da kuke hawa. Nan gida ma, Innocent Chukwuma mai kamfanin Innoson da sayar da kayan babur ya fara a Nnewi. A Miga kuwa sana'ar ba ta da rani: injin ban-ruwan da ke bakin fadama ɗan'uwan injin babur ne, fulogi ɗaya, kafireta ɗaya, baƙin mai. Yaron da ya iya wannan da gaske, lokacin noman rani ba zai sami wurin zama ba. Amma a gaban mai sani ake durƙusawa a koya, ba a kan baburin da gida ya dogara da shi ba.

Kwanan baya na kwana a gida. Da asuba ina dawowa daga masallaci na tarar da ɗan ƙanen nawa a tsugune inda turken yake a da, da tsumma a kafaɗa, ya zaro sandar mai yana dubawa da hasken waya. Ya gaishe ni, na amsa, ban ce masa komai ba na wuce. Ba a fafe gora ranar tafiya, kuma babu wanda ya san daren da za a buga masa ƙofa. In an buga taka, ɗana, ina so kik ɗaya ya tashi, fitila ta kama, birki ya riƙe, ka kai amanar da aka ɗora maka, ka dawo.

Allah Ya kiyaye hanya, Ya sa albarka a abin hawanku da sana'arku. Wassalam.